Koren Mayafin Murjanatu

Mainasara ya kashe matarsa, ya binne ta a bayan gidansa ba wanka, ba likkafani, ba salla. Bayan shekara tara kuma ya zauna ya rubuta littafi yana yi mata ƙazafi. Abin da ya aikata ke nan, kuma babu wani suna mai sauƙi da za a sa masa.

Malamin firamare ne a cikin garin Daura, mutum mai tsabtar tufafi da tsabtar rubutu, wanda ba ya iya ganin kuskure a allo ya wuce bai gyara ba. Matar sunanta Murjanatu, 'yar Zango, shekararsu huɗu da aure Allah bai ba su haihuwa ba. Wata Talata da hantsi, lokacin hutun makaranta, aka kira ta a waya aka ce mahaifiyarta Hajo tana kwance ba lafiya. Ta ce za ta je. Ya ce ba za ta je ba sai ran da ya ga dama. Ta ce ko ya yarda ko bai yarda ba, yau za ta ga uwarta. Taɓarya ce a kusa da hannunsa. Sau ɗaya ya ɗaga ta.

A bayan ɗakunan akwai ramin sabuwar salga da ya sa aka fara haƙawa, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum. Nan ya saka ta, da zanen aikin gida a jikinta. Daga baya ya gaya wa maƙwabta cewa haƙar ta ci karo da dutse, shi ya sa ya cike ramin. Ya sayo siminti ya ɗora dakali a wurin. Tun da aka gina dakalin nan bai taɓa zama a kansa ba.

Ya san mace ba ta tafiya ganin gida da zanen girki. Saboda haka ya kwashe kayan fitarta, atamfa da takalmi da koren mayafi, don kada danginta su zo su tarar da su a ɗaki. Atamfar da takalmin ya ƙone su a murhu kaɗan kaɗan. Mayafin kuwa ya naɗe shi ya tura can ƙasan akwatinsa na ƙarfe, ƙarƙashin tsofaffin takardun jarrabawa, ya ce gobe zai ƙone shi. Kullum sai ya ce gobe, har ya daina faɗa.

Da hannunsa ya rubuta cigiyar da aka riƙa karantawa a rediyo har mako uku: ana neman wata mata mai suna Murjanatu, doguwa, mai wushirya, ta bar gidan mijinta a Daura ranar Talata da hantsi za ta Zango, tana sanye da atamfa ruwan ƙasa da koren mayafi mai ɗinkin jan zare a baki. Hajo ta warke daga ciwon da aka kira 'yarta dominsa. Ta ƙara wata bakwai a duniya da rediyo a kusa da kunnenta, sannan ta rasu.

Littafin ya sa masa suna Ba Ta Iso Ba. A ciki matar sunanta Zulfa, mijin kuma wani malami mai haƙuri. Zulfa ta fita da sunan duba uwa, amma ba motar Zango ta shiga ba, ta Kongolam ta shiga, inda wani mai fataucin shanu yake jiran ta, suka tsallaka Nijar. Duk wanda ya karanta a Daura ya san wace ce Zulfa. Mata suna karantawa suna tsaki, maza suna tsayar da Mainasara a ƙofar masallaci suna ba shi haƙuri. Shi kuma sai ya sunkuyar da kai ya ce ai ƙirƙira ce kawai. Abin da ya fi muni, littafin ya yi masa magani. Saboda yawan rubutawa da gogewa da sake rubutawa, sai da ya kai yana iya rufe ido ya hango ta a tashar Kongolam tana gyara mayafi a kafaɗa. Ya koma cin abinci sosai. Har ƙiba ya yi.

Shekara uku da fitowar littafin, a tsakiyar bazara, wani mai shirya fim daga Kano ya yi sallama a zaurensa. Sunansa Saminu, gajere, mai yawan magana, da wayoyi biyu a hannu ɗaya.

"Malam, littafinka ya hana matata girki kwana biyu," ya ce yana dariya. "Na ce wanda ya jawo mini yunwa sai na zo na ga idonsa. Fim za mu yi da shi."

Mainasara ya ji daɗi har ya kasa ɓoyewa. Ya shigar da baƙon tsakar gida don ya sha ruwa a inuwa. Saminu ya tsaya yana juyawa yana duba ko'ina.

"Kai! Ai ba sai mun wahala neman gida ba. Ga zauren, ga turmin, ga dakalin can baya, komai yadda ka rubuta. A nan za mu ɗauka, Malam."

Da zai iya cewa a'a. Amma mai cewa a'a sai ya kawo dalili, kuma yana son ya ga sunansa a jikin fim. Ya ce babu komai.

"Abu ɗaya zan canza," in ji Saminu. "Fitar Zulfa daga gida, ba za mu nuna ta ba."

"Ba za ku nuna ba kamar yaya?"

"Kai ka ba mai karatu amsa tun shafi na goma. A fim in ka ba su amsa, sun tashi sun kama gabansu. Mu so muke mai kallo ya zauna yana gumi. Ta fita ne? Ba ta fita ba ne? Ko dai malamin nan mai haƙuri..." Ya kashe ido ɗaya. "Ka gane ai. Kowa ya riƙa kallon mijin yana raya wani abu a ransa."

Mainasara ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"Ta fita," ya ce. "Na rubuta ta fita."

"A littafi ke nan."

"Ta fita, na ce maka. Da hantsi, ta wannan ƙofar. In ba za ku nuna ba, ku bar mini littafina."

Saminu ya ɗaga hannu biyu. "Allah ya huci zuciyar Malam. Ku marubuta, a taɓa layi ɗaya kamar an mari ɗanku. To za mu ɗauka. In ta yi kyau ta shiga, in ba ta yi ba in cire ta wajen tacewa. Ka yarda?"

Ya yarda. Daga wannan rana abu ɗaya ne a gabansa: dole fitar nan ta yi kyan da ba za a iya cire ta ba. In duniya ta ga matar ta fita da idonta, magana ta ƙare. In kuwa aka bar mutanen Daura suna kallon mijin suna tunani, wata rana wani zai yi tunanin har ƙarshe.

Bayan mako biyu suka zo da motoci biyu, da kyamara, da fitilu, da janareta mai hana unguwa sakat. Wadda za ta fito a Zulfa sunanta Yasmin, doguwa, mai ƙarancin dariya. Ba ta yi kama da Murjanatu a fuska ba, Mainasara ya gode wa Allah a kan wannan, kamar mai irin aikinsa yana da bakin godiya. Sai dai kalmomin da take faɗa na Murjanatu ne. Shi ya zuba su a littafi yadda ya ji su, don bai iya ƙirƙirar maganar mace ba. Yanzu ga su suna tashi a tsakar gidansa da rana tsaka, a wurin da aka fara faɗarsu. "Ka ci abincin tun da zafi." "Wai kai ba ka gajiya da gyara mutane?" In ta faɗa sai ya juya baya ya yi kamar yana duba takarda.

A rana ta uku, bayan azahar, aka tsaya cin abinci. Ya fito daga ɗaki ya hango Yasmin zaune a kan dakalin, ta miƙe ƙafa, da kwanon shinkafa a cinya.

"Tashi daga nan!"

Bai san ya ɗaga murya haka ba sai da ya ga kowa ya juyo. Yasmin ta miƙe da kwanon a hannu.

"Kunama," ya ce. "Akwai kunamu a wurin."

"Malam, ai ka fi kunamar tsorata ni," ta ce. Mai kyamara ya yi dariya, aka ci gaba da cin abinci. Ita kuma ta matso kusa da shi ta rage murya. "Dama ina son in tambaye ka wani abu. Sau uku na karanta littafin nan. Ka ce da mijin ya dawo ya tarar da gero a turmi, an fara surfe ba a gama ba, taɓarya kuma a ƙasa."

"Haka na rubuta."

"To ni mace ce. Wadda ta shirya guduwa da wani ba za ta jiƙa gero ta fara surfe ba. Wa za ta yi wa? Kuma taɓarya jingine ta ake yi. Ko yarinya ƙarama ba za ta bar ta yashe a ƙasa ba."

Bai taɓa lura ba. Ya rubuta geron da taɓaryar ne don abin da idonsa ya gani ke nan, kuma shi mutum ne da ba ya son rubuta abin da ba daidai ba.

"Sauri take yi," ya ce.

"Sauri take yi, amma ta tsaya ta ɗaura atamfa. Kai ne mai littafi. Ni dai in na shiga jikinta ba na jin macen da za ta tafi. Ina jin macen da aka katse wa aiki."

Ta koma wajen abokan aikinta. Ba da wata manufa ta faɗa ba, sana'arta take yi. Amma ranar da la'asar, bayan sun kwashe kaya sun tafi masauki, janareta ya mutu, gidan ya yi tsit, sai ya ji ƙarar surfe. Dum, dum, a hankali, irin na mai yi ita kaɗai. Ya ce a ransa maƙwabta ne. Ya fito tsakar gida. Rana tana nan da sauranta, turmin yana kife inda 'yan fim suka bar shi. Yana tsayawa sai ƙarar ta tsaya. Yana komawa ɗaki ta ci gaba. Washegari ma haka. Abinci ya daina shiga cikinsa.

Ranar ɗaukar fitar Zulfa ta zo. Tun da safe aka kafa kyamara a tsakar gida tana fuskantar zaure, don a sami hasken hantsi. Mai kula da sutura ta fito da Yasmin cikin atamfa ruwan ƙasa, da wani mayafi kore shar mai duwatsu yana walƙiya.

"Ba shi ba ne," in ji Mainasara.

"Kore ka rubuta, Malam," in ji matar.

"Kore mai duhu, irin na ganyen mangwaro. Ba duwatsu. Jan zare a baki, ɗinkin hannu. Wannan ai na zuwa biki ne. Wa zai yarda mace ta tafi duba marar lafiya da wannan?"

Saminu ya duba sama, ya duba waya. "Malam, rana tana tafiya. Kafin a je kasuwa a dawo hantsi ya wuce, gobe kuma Kongolam za mu. In babu, mu tsallake wannan fitar kawai. Dama ni ba son ta nake ba."

"Ku jira ni."

Mai hankali da nan ya tsaya. Amma Mainasara ya daɗe yana faɗa wa kansa ƙarya har ta zame masa gaskiya, kuma ya ƙwallafa rai sai ya ga ƙaryar nan tana tafiya da ƙafafunta. Ya shiga ɗaki ya jawo akwatin ƙarfe, ya ɗaga takardun jarrabawa da suka yi ja don tsufa. Mayafin yana nan yadda ya naɗe shi. Da ya warware shi sai ƙamshin humrarta ya taso, bayan shekara goma sha biyu, kamar jiya ta cire shi. Ya durƙusa a wurin har sai da Saminu ya kwaɗa masa kira.

"Na sa an ɗinka mini ne lokacin da nake rubutu," ya ce yana miƙawa, "don in riƙa kallo."

"Ka ji marubuci!" in ji Saminu. "To ai da ka fito da shi tun ɗazu."

Yasmin ta yafa shi. Ta juya baya ta tsaya a bakin ɗaki. Daga baya babu fuska, sai tsayi da kafaɗa da koren mayafi. Mainasara ya jingina da bango.

Saminu ya tafa hannu. Ta taka tsakar gida a hankali, ta wuce turmi, ta shiga duhun zaure, ta ɓulla cikin hasken waje, ta karya dama ta ɓace. Mainasara ya saki numfashi. Ga shi nan. Ta fita. Ya gani da idonsa, kyamara ma ta gani. Wani sanyi ya sauko masa tun daga ka har ƙafa, irin wanda bai ji ba tun ran Talatar nan.

"A sake," in ji Saminu. "Wani ya gitta da mashin."

Wannan ne abin da Mainasara bai yi tunaninsa ba. Shi a littafi sau ɗaya ta fita. A aikin fim kuwa, kafin a sake ɗaukar fita sai wanda ya fita ya dawo.

Hasken ƙofar ya dushe. Wata doguwar mace cikin koren mayafi ta shigo zaure, rana a bayanta, fuskarta ba ta ganuwa. Ta ratsa duhun tana zuwa, tana zuwa, kai tsaye inda yake tsaye. Sai da ta fito tsakar gida fuskar ta koma ta Yasmin.

"A sake. Kin yi sauri."

Ta fita. Ta dawo.

"A sake. Inuwar mai fitila ta shiga."

Ta fita. Ta dawo. A karo na huɗu ya ga kamar fuskar ta ɗan jima kafin ta koma ta Yasmin. A na biyar ya ga kamar ta yi murmushi a cikin duhun zauren, kuma akwai wushirya. Gumi ya jiƙa masa riga har ta manne a bayansa.

"Ya isa," ya ce. "Saminu, ya isa haka."

"Haba Malam, kai fa ka ce sai ta yi kyau. Ɗaya tak ya rage. Yasmin, in kin kai ƙofa ki ɗan tsaya ki gyara mayafin."

Ta fita karo na bakwai. Ta tsaya a ƙofa ta gyara mayafin a kafaɗa, ta karya dama. Kafin Saminu ya buɗe baki sai aka ji ihu daga lungu, muryar babbar mace, irin ihun da ke fitowa daga ciki.

"Murja! Murjanatu!"

Mainasara ya gane muryar. Laraba ce, yayar Murjanatu, wadda ba ta taka gidan nan ba tun fitowar littafin. Labari ya kai mata Zango cewa ana fim da ƙazafin da aka yi wa ƙanwarta, ta hau mashin ta zo ta ce musu su ji tsoron Allah. Tana shigowa lungun ta hango bayan mace cikin mayafin da ta sani.

Suka shigo tare, Laraba tana riƙe da gefen mayafin gam, Yasmin tana biye da ita dole. Mutanen unguwa da suka taru kallo suka cika zauren. Hawaye yana fuskar Laraba, amma ta daina kuka.

"'Yata, ina kika samo wannan?"

"Malam ne ya ba mu yanzu, Mama."

Laraba ba ta dubi Mainasara ba tukuna. Ta riƙa jan bakin mayafin tsakanin yatsunta, a hankali, tana bin ɗinkin, har ta kai wani wuri ta tsaya.

"Ni na ɗinke bakin nan da hannuna, ana saura kwana uku bikinta. Jan zare ya ƙare mini a nan, na cika da ruwan goro. Ta yi ta mita wai na ɓata mata mayafi." Ta ɗaga wurin sama. "Ga shi. Bai fi tsawon yatsa ba. Ku duba."

Mai kula da sutura ta matso ta duba, ta ja da baya.

"Yaya Laraba," in ji Mainasara, "ki zauna mu yi magana."

"Kada ka ƙara ce mini Yaya."

"Wani ne daban. Na sa an ɗinka mini."

"Wane tela? Faɗi sunansa, yanzu a ɗauko shi a mashin. Shi ma jan zaren ya ƙare masa a daidai wurin?" Ta tako har gabansa. "Kai ka rubuta cigiya, Mainasara. Mako uku ana karantawa. Inna ta haddace ta kalma kalma, tana kan tabarmar mutuwa tana maimaitawa. Koren mayafi mai ɗinkin jan zare a baki. Mun je Kongolam, mun je Mashi, mun tsallaka har Nijar, duk mace mai koren mayafi sai mun leƙa fuskarta. Ka ce da shi ta fita. To in da shi ta fita, yaya aka yi ya dawo gidanka ita ba ta dawo ba?"

Janareta yana ta ruri a waje, amma a ƙarƙashin rurin Mainasara yana jin surfen, dum, dum, kuma yanzu ya san daga inda yake fitowa. Ya yi ƙoƙari kada ya juya. Ya kafa idonsa a kan Laraba, a kan bango, a kan ƙafafunsa. Wuyansa ya juya da kansa zuwa bayan ɗakuna.

Yasmin ta zare mayafin daga jikinta ta saka a hannun Laraba. Ta bi inda idonsa ya tafi.

"Shekaranjiya na zauna a kan dakalin can," ta ce. "Ya yi mini tsawa. Ya ce kunama."

Wani dattijo daga cikin maƙwabta ya yi salati. "Nan ne fa ramin salgar da ya ce ya ci karo da dutse. Ni na yi mamaki a lokacin. Duk unguwar nan babu wanda ya taɓa haƙa ya sami dutse."

"Kashe kyamarar nan," in ji Saminu. Karo na farko tun zuwansa ba dariya a bakinsa. "A kira mai unguwa."

Mainasara bai gudu ba. Ya zame a jikin bango ya zauna a ƙasa cikin fararen kayansa. Da mai unguwa ya iso ya tambaye shi, abin da ya fara cewa shi ne, sau ɗaya kawai ya buge ta. Har a wannan lokacin yana ganin adadin zai rage masa wani abu.

Washegari da safe 'yan sanda suka fasa dakalin a gaban likita da shaidu. Aka sami ƙasusuwanta, ƙoƙon kai a fashe ta gefen hagu. Bayan an gama bincike aka miƙa wa danginta. Aka suturta abin da ya rage nata, aka yi mata salla a Zango, aka binne ta kusa da Hajo. Mutanen da suka yi shekara uku suna tsaki a kan Zulfa suka zo gaisuwa, da yawansu ba su iya haɗa ido da Laraba ba. Saminu ya kwashe kayansa ya koma Kano, fim ɗin bai fito ba.

An yi wata goma sha huɗu ana shari'a. Babbar kotu ta sami Mainasara da laifin kisan kai, ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya.